Mobutu: Kuɗin da Suka Riƙe Mulkin Zayar, da Ranar da Suka Ƙare

A can arewacin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, dab da iyakar Afirka ta Tsakiya, akwai wani gari da ake kira Gbadolite. Kafin shekarun 1970 ɗan ƙauye ne a tsakiyar kurmi. Daga baya sai ga fadoji na marmara, ga wutar lantarki, ga filin jirgin sama mai tsawon da jirgin Concorde ke iya sauka. Mutum ɗaya ya sa aka yi duk wannan, don nan ne tushen danginsa. Yau ciyawa ta cinye fadojin, an kwashe rufi da tagogi. Masu kallonmu, yau labarin Mobutu Sese Seko za mu duba, mutumin da ya yi kusan shekara 32 yana juya wannan ƙasa.

An haife shi a garin Lisala a 1930, sunansa na yanka Joseph-Désiré Mobutu. Ya yi aikin soja a zamanin mulkin mallakar Beljiyam, ya taɓa aikin jarida, daga nan ya shiga jikin Patrice Lumumba, wanda ya zama firaministan ƙasar na farko. Da ƙasar ta samu 'yanci ranar 30 ga Yuni 1960, Lumumba ne ya ɗora shi a manyan muƙaman soja. Ba a cika wata uku ba Mobutu ya juya masa baya. A Janairu 1961 aka kashe Lumumba a Katanga. Ranar 24 ga Nuwamba 1965 kuma Mobutu ya karɓe mulki gaba ɗaya.

A farkon lamari jama'a da dama sun yi maraba da shi, domin ƙasar ta gaji da tawaye da zubar da jini. Ga farashin tagulla yana sama, kamfanin gwamnati na Gécamines yana zuba kuɗi a baitulmali. A 1971 ya sauya wa ƙasar suna zuwa Zayar, shekarar da ta biyo baya shi ma ya yar da sunansa na Turawa. Ya hana kwat da nakatayi, ya ɗora hular fatar damisa, ya riƙe sanda. A 1974 ya jawo damben Muhammad Ali da George Foreman zuwa Kinshasa, duniya ta zuba wa Zayar ido.

To a nan ne ya kamata mu ɗan tsaya. Sau da yawa idan ana maganar Mobutu sai a ce ɓarawo ne, a wuce. Gaskiya ne, amma ba ta ƙare a nan ba. A wurinsa sata ita ce hanyar tafiyar da gwamnati. Janar ɗin da ake tsoron zai yi juyin mulki, a ba shi mota da gida. Ɗan adawa ya ɗaga murya, a kira shi a ba shi minista. In ya ci ya ƙoshi sai a tuɓe shi, a jefa shi kurkuku, bayan 'yan shekaru a yi masa afuwa a sake naɗa shi. Dubi Nguza Karl-i-Bond: ministan harkokin waje ne, aka yanke masa hukuncin kisa a 1977, aka yafe masa, a 1980 ya zama firaminista. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kowa a saman nan ya ci, don haka babu mai bakin magana.

Babban kuskuren ya zo ne a ƙarshen Nuwamba 1973, lokacin da ya ƙwace gonaki da shaguna da kamfanonin baƙi ya raba wa 'yan ƙasa. Amma waɗanne 'yan ƙasa? Manyan jam'iyyarsa ta MPR, da 'yan uwa, da 'yan fada. Da yawansu suka sayar da kayan da suka tarar a kanti, suka cinye kuɗin, ba su sake saro komai ba. Ana cikin haka farashin tagulla ya faɗi warwas. Shi kansa Mobutu a wani jawabi a 1977 ya amsa cewa cin hanci ya zama cutar Zayar, sai ka ce ba shi ne a kan kujera ba. Talakawa kuwa suka ƙirƙiro abin da suke kira sashe na 15 na tsarin mulki, sashen da babu shi a takarda, ma'anarsa kowa ya yi ta kansa.

Me ya hana ginin rushewa tun a lokacin? Yaƙin cacar baka. Amurka da Faransa da Beljiyam suna kallon Mobutu a matsayin katangar da ke tare kwaminisanci a tsakiyar Afirka. Da 'yan tawaye suka kutsa lardin Shaba, wato Katanga ta da, a 1977, sojojin Maroko ne suka cece shi, Faransa ta yi jigilarsu. A 1978 sojojin laima na Faransa da Beljiyam suka dira a garin Kolwezi na wannan lardi don korar 'yan tawayen da suka sake dawowa. Shi ma yana ramawa: ta ƙasarsa ake bi da makamai zuwa ga 'yan tawayen UNITA na Angola, ya kuma tura sojoji Chadi a 1983 don mara wa shugabanta Hissène Habré baya. Asusun ba da lamuni na duniya ya aika wani Bajamushe masanin harkar banki, Erwin Blumenthal, ya zauna a babban bankin ƙasar a 1978. Rahotonsa ya faɗa ƙarara cewa masu bin Zayar bashi su cire rai da kuɗinsu. Aka karanta, aka ci gaba da ba da rance.

A Yuni 1989 Shugaba George Bush babba ya tarbe shi a Fadar White House da karramawa. Wata biyar bayan nan katangar Berlin ta faɗi. Kafin shekarar ta ƙare aka harbe aminin Mobutu, shugaban Romaniya Ceaușescu. Mai gadin da aka ɗauka don tsoron ɓarawo, me za a yi da shi bayan ɓarawon ya mutu?

Ranar 24 ga Afrilu 1990 Mobutu ya tsaya gaban jama'a, da hawaye a idonsa, ya sanar da ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya. Watan da ya biyo baya jami'an tsaro suka far wa ɗalibai a jami'ar Lubumbashi, ƙasashen Yamma suka fara janye tallafi. Gécamines da ke haƙo sama da tan dubu 400 na tagulla a shekara ya dawo ƙasa da tan dubu 50. Da rijiyar ta ƙafe sai aka koma buga takardun kuɗi. Sojojin da ba a biya ba suka wawushe Kinshasa a Satumba 1991. A Janairu 1993 aka biya su da sabuwar takardar zayar miliyan 5, 'yan kasuwa suka ƙi karɓa, sojoji suka sake fita, har jakadan Faransa ya rasa ransa a rikicin. Shugaban ƙasa kuwa ya ƙaurace wa babban birninsa, yana zaune ko dai a jirgin ruwansa a kan kogin Kwango, ko a Gbadolite.

Duk da haka ya ƙara shekaru yana wasa da 'yan adawa, yana saye wasu yana raba kan wasu. Abin da ya ƙarasa shi daga gabas ya taso. Bayan kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994, sama da mutum miliyan ɗaya suka tsallako Zayar, cikinsu har da waɗanda suka yi kisan. A Oktoba 1996, yana jinyar sankarar mafitsara a Turai, 'yan tawayen Laurent-Désiré Kabila suka taso da goyon bayan Ruwanda da Yuganda. Sojojin da aka yi shekaru ana cinye albashinsu suka riƙa guduwa suna sata a hanya. Nelson Mandela ya haɗa mutanen biyu a jirgin ruwan yaƙin Afirka ta Kudu a farkon Mayu 1997, ba a cim ma komai ba. Ranar 16 ga watan Mobutu ya bar Kinshasa, washegari 'yan tawaye suka shiga.

Nawa ya kwashe? Ƙungiyar Transparency International ta yi kiyasin dala biliyan 5 a jerin da ta fitar a 2004, jerin da sunan Sani Abacha ma yake ciki. Amma abin da aka iske a bankunan Suwizalan bai kai faran miliyan 8 ba, kuma a 2009 aka sakar wa magadansa kuɗin. A ganina wannan giɓi ba abin mamaki ba ne, kaso mai tsoka ya tafi wajen sayen biyayya.

Yaƙin da ya ɓarke a 1998 ya ci rayukan miliyoyin mutane, shi ya sa za ka ji wasu dattawa a Kinshasa suna cewa ko ba komai a zamanin Marshal Mobutu ƙasar ɗaya ce, kuma ana alfahari da ita. Wasu kuma su ce ai shi ya ɓalɓalce soja da gwamnati har maƙwabta suka samu ƙofar shiga. Ɗansa Nzanga ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2006, daga baya ya riƙe muƙami a gwamnatin Joseph Kabila, ɗan Laurent-Désiré Kabila. A 2013 Kabila ƙarami ya yi alkawarin dawo da gawar Mobutu gida. Mutumin ya mutu ne a Rabat, babban birnin Maroko, ranar 7 ga Satumba 1997, ƙasa da wata huɗu da barinsa Kinshasa, aka binne shi a maƙabartar Kiristoci ta birnin.