Te Deum: kakakin da kuka sani ba shi ne waƙar ba

[Allo baƙi ƙirin. Kakaki da tambura suna tashi.]

Kun san wannan kiɗan. Ko ba ku san sunansa ba, in kun taɓa kallon gasar waƙoƙi ta Eurovision, da shi ake buɗe fage. Ku nemi sunansa a intanet, za a ce muku Te Deum.

[Cocin Saint Peter a Vatican, maraice, cike da mutane.]

Wannan kuma yammacin 31 ga Disamba ne a fadar Fafaroma. Babu kakaki, babu tambari, muryoyi ne kawai suna tafiya a hankali. Shi ma sunansa Te Deum. To, duk ƙarshen shekara in wannan bidiyo ya zagayo, sai gardama ta kaure. Wani ya ce an sa wa bidiyon sunan da ba nasa ba, wani ya ce ai 'yan cocin ne suka kashe wa waƙar armashi. Sunan dai daidai yake a duka biyun.

[Tsohon rubutun hannu na Latin. Kyamara ta matso kan layin farko.]

Te Deum kalmomi ne. Rubutacciyar waƙa ce ta yabo da godiya, da harshen Latin, tun wajen ƙarni na 4. Sunan ma daga layin farko aka yanko shi: Te Deum laudamus, wato "Kai, ya Allah, muke yabo." Haka ake yi wa tsofaffin waƙoƙin coci, farkon baiti shi ne suna.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Mun saba da rubutacciyar waƙa wadda baitocinta ɗaya ne, amma wannan ya rera da wani kari, wancan ya rera da wani. Ba wanda zai ce waƙar ta canja don murya ta canja. Te Deum ma haka take. Kalmomin suna nan inda suke shekara da shekaru, masu tsara kiɗa ne suke zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗinka musu tasa rigar.

[Zanen birnin Paris na da.]

Ɗaya daga cikinsu Bafaranshe ne, Marc-Antoine Charpentier, wanda ya tsara tasa a ƙarshen ƙarni na 17. Ku riƙe wannan da kyau, don nan ne ake tuntuɓe: kakakin da kuka ji a farkon bidiyon nan share fage ne kawai. Kamar makaɗi ya ɗauki kalangu yana ɗumama wuri kafin mawaƙi ya buɗe baki. Bai kai minti biyu ba, kuma babu kalma ko ɗaya a ciki. A 1954 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta ɗauki wannan guntun ta mai da shi takenta, ta bar sauran. Saboda haka miliyoyin mutane sun haddace sallama, ba su taɓa shiga gidan ba.

[Kiɗan ya ci gaba, ya wuce inda talabijin ke yankewa. Murya mai kauri ta shigo.]

Kun ji? Yanzu aka fara Te Deum.

[Kalmomin Latin suna gudu a allo, fassarar Hausa a ƙasa.]

Me ke ciki? Da farko yabo ne ga Allah Uba, kuma waƙar tana jero masu yabon sahu sahu: mala'iku, kerubobi, sannan "Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki" wanda aka ɗauko daga littafin Ishaya sura ta 6, sai manzanni, annabawa, shahidai, har a sauko kan ikilisiyar da ke duniya. Kashi na biyu ya juya kan Almasihu, haihuwarsa, nasararsa kan mutuwa, da dawowarsa don shari'a. Na uku roƙo ne, yawancinsa ayoyin Zabura da aka liƙa daga baya.

Nan ne ni ya fi burge ni. Tun daga farko "mu" ake cewa, muna yabo, muna roƙo. Sai a layin ƙarshe taron ya watse, saura mutum ɗaya: a gare ka na dogara, ya Ubangiji, kada in kunyata har abada. Waƙar da ta fara da rundunar sama ta ƙare da murya guda tana neman rufin asiri.

[Zanen Ambros yana yi wa Agustin baftisma.]

Wa ya rubuta? Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne, a daren Ista na shekarar 387 a Milan, lokacin da Bishop Ambros ya yi wa Agustin, wanda daga baya ya zama babban malamin coci, baftisma, sai suka ɓarke da waƙar nan take, wannan ya kawo baiti, wancan ya amsa. Labari mai daɗi, masu zane sun ci abinci da shi. Masana dai ba su yarda ba. Wasunsu sun karkata ga wani bishop mai suna Nicetas na Remesiana, garin da ke cikin ƙasar Sabiya a yau, amma har yanzu ba a tabbatar da wanda ya rubuta ta ba.

[Hotuna suna sauyawa da sauri.]

Saura mu yi gudu. A tsarin addu'o'in Katolika ana rera ta ranar Lahadi da manyan bukukuwa, ban da Lahadin lokacin azumin kwana arba'in. 'Yan Angilika suna da ita a addu'ar safe. A Beljiyam sarki yana halartar Te Deum ranar 21 ga Yuli, ranar ƙasa. A Chile 18 ga Satumba, a Ajantina 25 ga Mayu. A waɗannan wurare kalmar ta zama sunan taron addu'ar gaba ɗaya, shi ya sa za ku ji an ce shugaban ƙasa "ya je Te Deum," kamar wani gari ne.

Sarakunan Turai kuwa sun mai da ita waƙar cin yaƙi. Mai tsara kiɗa Handel ya tsara ɗaya a 1713 don sulhun Utrecht, ya sake wata a 1743 bayan yaƙin Dettingen, inda Sarki George na Biyu na Ingila ya fita fagen daga da kansa. Ni dai abin yana ɗan daure min kai, a ce waƙar da ke roƙon jinƙai ita ake bugawa kakaki bayan an zubar da jini. Amma wannan ya bayyana dalilin da ya sa da yawa daga cikin kiɗe-kiɗen Te Deum suke da amon sojoji, har da na Charpentier.

[Komawa Saint Peter. Kyandirori. Muryoyi sun kai layin ƙarshe.]

A nan zan yi shiru. Ku saurari kalmar speravi, "na dogara." Tana zuwa nan da daƙiƙa kaɗan.