Amsoshin Tambayoyinku: Da wane katako ake ƙera ukulele?

Jama'a barkanmu da war haka. Wasiƙar farko yau daga wani kafinta ce a Zariya, yace ya ga wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu ana ce mata ukulele, wai da wane katako ake yinta, kuma shi ma zai iya ƙerawa?

Toh malam, wadda ka gani ɗin mai yiwuwa irin ƙaramar nan ce da ake ce wa soprano, tsawonta gaba ɗaya bai wuce inci 21 ba. Asalinta tsibiran Hawai ne da ke tekun Pasifik, wasu kafintoci 'yan Fotugal daga tsibirin Madeira da suka sauka can a 1879, irinsu Manuel Nunes da Augusto Dias, su suka fara yinta da koa, wani ice da a Hawai kaɗai yake fitowa, shi yasa yake da ɗan karen tsada. Kamfanin Kamaka na Honolulu, babban birnin Hawai, tun 1916 yake aiki da shi har yau.

Amma ba dole sai koa ba fa. Kamfanin Martin na Amurka ya yi suna da mahogani, sautinsa yafi taushi, kuma abin da ya faranta min rai wallahi, madacin nan namu ɗan gidan mahoganin Afirka ne da masu ƙera kayan kiɗa suke amfani da shi, haka baƙin katakon eboni da ake shimfiɗawa a wuya inda yatsu suke dannawa shima dangin kanya ne. Kaga ashe ba nesa kake da abin ba.

Inda aikin yake shine fiƙe katakon. Fuskar ukulelen sai ta koma kamar milimita 2 ko ƙasa da haka, in tayi kauri muryar ta mutu, gefunan kuma a ɗan jiƙa su a lanƙwasa a hankali akan bututun ƙarfe mai zafi, in kayi gaggawa sai kaji ƙas. Kuma don Allah katako ya bushe sosai, in ba haka ba hunturu ɗaya zai tsaga maka ita.

Wata 'yar uwa daga Maraɗi kuma tana tambayar tsirkiyar. Da can hanjin tumaki ne, yanzu nailan ne ko irin zaren kamun kifi, ɗan abin da take hawa kai kuma sau da yawa da ƙashin saniya ake sassaƙa shi.