Fodkas: Me Ya Sa Sai Kowace Ƙasa Ta Yi Tata Dokar Kan Kisan Kare Dangi?

Hadiza: Masu saurarenmu, barkanku da warhaka, yau muna tare da Barista Nura da Bashir. Barista, tun 9 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana kisan kare dangi. To mene ne kuma na wata doka a cikin gida?

Barista Nura: Malama Hadiza, alƙali ba ya ɗaure mutum da abin da babu shi a dokar ƙasarsa. Yarjejeniyar ta fayyace laifin, amma ba ta faɗi hukuncinsa ba. Sashe na 5 ya ɗora wa kowace ƙasa wannan nauyin.

Bashir: Ruwanda ce ke zuwa mini a rai.

Barista Nura: Ƙwarai kuwa. Ta shiga yarjejeniyar tun 1975, ta bar ta a takarda. Da aka hallaka mutane kimanin 800,000 a 1994, galibinsu 'yan Tutsi, gidajen yari suka cika maƙil, amma babu dokar da ta tanadi hukuncin laifin. Sai a watan Agusta 1996 aka yi ta.

Hadiza: Amma ai akwai kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague.

Barista Nura: Akwai, tun 2002. Sai dai ba ta sa baki sai ƙasa ta ƙi ko ta kasa, ba ta da 'yan sanda, kuma manya ƙalilan take iya kamawa. Wanda ya tsaya a shingen hanya da adda yana duba katin shaida kamar yadda aka yi a Ruwanda fa, wa zai yi masa shari'a?

Bashir: Ni shari'ar da aka yi a birnin Frankfurt na Jamus ce ta tsaya mini a zuciya. Wani ɗan ƙungiyar ta'addanci ta IS ya sayi wata mata 'yar Yazidi, wata al'umma marar rinjaye a Iraƙi, da 'yarta mai shekara 5 a matsayin bayi. A birnin Falluja na Iraƙi, a 2015, ya ɗaure yarinyar a tsakar rana har ƙishirwa ta kashe ta. Uwar ta rayu, ta tsaya a gaban kotu ta ba da shaida.

Hadiza: Innalillahi! To ya aka yi Jamus ta samu hurumi, alhali a Iraƙi abin ya faru?

Bashir: Dokarta ta 2002 ta ba kotunanta ikon sauraron irin wannan laifi ko'ina aka aikata shi. A Nuwamba 2021 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Hadiza: Tsorona ɗaya, Barista. Kada mai mulki ya mayar da dokar sandar dukan 'yan adawa.

Barista Nura: Tsoronki yana kan hanya, shi ya sa rubutun dokar ke buƙatar natsuwa. Dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar da niyyar shafe wata al'umma, ko wani ɓangarenta, saboda ƙabila, ƙasa, launin fata ko addini. Kuma sashe na 4 na yarjejeniyar ya ce a hukunta mai laifi ko da shugaba ne ko jami'in gwamnati. A ganina, majalisar da ta cire wannan ta kashe dokar tun kafin a fara aiki da ita.

Hadiza: Mu dakata nan. Mako mai zuwa za mu duba yadda ake kare shaidu.