Yadda Aka Koya wa Firinta Buga Haruffan Ibrananci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Ku dubi kalmar nan ta Ibrananci da ke kan allo: שלום. Haruffa huɗu ne, ana karanta su daga dama zuwa hagu: shin, lamed, vav, mem. Shalom ke nan, 'yar'uwar salam ta Larabci. A yau in kana son ganinta a kan takarda, maɓalli ɗaya za ka danna. Amma a tsakiyar shekarun 1980, malamin jami'a a Isra'ila ko ɗalibin Attaura a Amurka da ya sayi sabuwar firinta mai aiki da hasken lesa, sai ya yi gumi kafin haruffan nan huɗu su fito yadda ya kamata. Dabarar da suka bi ita nake so mu buɗe cikinta yau, don har gobe tana aiki a ƙarƙashin takardu da yawa da muke bugawa.

Mu fara da ita na'urar. A shekarar 1984 kamfanin HP ya fito da LaserJet ta farko, a kan dala 3,495, tana buga shafi takwas a minti ɗaya. A cikinta akwai wata ganga mai juyawa. Hasken lesa ya zana ɗige-ɗige a jikin gangar, garin tawada ya manne inda aka zana, takarda ta ɗauke shi, zafi ya gasa shi ya zauna. Ɗigo 300 take yi a kowane inci. Iyakar abin da ta sani ke nan: nan a sa ɗigo, nan a bari fari. In kwamfuta ta aiko mata da lamba 65, sai ta duba ma'adanarta, ta ɗauko hoton ɗige-ɗigen da aka ajiye a gurbi na 65, wato babban harafin A, ta buga, ta matsa dama kaɗan, ta jira lamba ta gaba.

To a wane gurbi aka ajiye alef, harafin farko na Ibrananci? Babu shi. A LaserJet ta farko, in kana son wani zubin haruffa daban, wanda masu kwamfuta ke kira font, sai ka sayi wani ɗan akwati ka cusa a jikin firintar, kuma abin da kamfani ya zuba a ciki shi za ka samu.

Wani zai ce, ai sai a aika shafin gaba ɗaya a matsayin hoto. Mu yi lissafi. Takarda mai faɗin inci takwas da rabi da tsawon inci 11, a ɗigo 300, ta haura ɗigo miliyan takwas. Wajen megabayit ɗaya ke nan. LaserJet Plus da ta fito a 1985 kilobayit 512 ne ma'adanarta, rabin abin da ake buƙata. Ga kuma wayar da ke haɗa ta da kwamfuta, mai tafiyar hawainiya.

Amma ita LaserJet Plus ɗin ta zo da wani abu sabo: ta yarda ka aika mata da naka haruffan ta waya, ta riƙe su a ma'adana. Ku duba yadda lissafin ya sauya. Harafi mai girma 12, irin wanda muka saba zaɓa a Word, gidansa bai wuce ɗigo 50 a tsaye da 50 a kwance ba, kusan bayit 300. Ibrananci haruffa 22 gare shi, biyar daga ciki, kaf, mem, nun, pe da tsadi, suna sauya siffa in sun zo a ƙarshen kalma. Siffa 27 ke nan, duka-duka wajen kilobayit takwas. Ka aika su sau ɗaya, daga nan kowane harafi bayit ɗaya ne rak. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai, don da ita aka buɗe ƙofa ga harsunan da masu ƙera na'urar ba su yi tunaninsu ba.

Ga yadda ake yi. Yaren da firintar HP ke ji sunansa PCL, kuma kusan kowane umarni a cikinsa yana farawa da lamba 27. Da farko ka ba zubin haruffan lambar shaida. Sai bayaninsa: tsayinsa nawa, a tsaye za a buga ko a kwance. Sannan harafi bayan harafi, ka faɗi gurbinsa, ka zuba ɗige-ɗigensa, ka faɗi nisan da za a matsa bayan an buga shi. Duk wannan yana cikin fayil ɗaya, mai ƙarewa da SFP in na takarda a tsaye ne, SFL in a kwance. Kowane girma da nasa fayil. Kana son kanun labari da girma 24? Wani fayil ne daban, kuma ya ninka na 12 sau huɗu wajen cin wuri. A DOS, tsarin da ke gudanar da kwamfutocin wancan zamani, sai mutum ya rubuta copy /b, sunan fayil, sannan LPT1, wato sunan mashigar da aka jona firinta. Wannan /b ɗin ba ado ba ne. In ka manta da shi, da zarar DOS ta ci karo da bayit mai lamba 26 a cikin ɗige-ɗigen wani harafi, sai ta ɗauka ƙarshen fayil ne ta tsaya, rabin haruffanka su maƙale a hanya. Kuma ko an aika lafiya, da an kashe firinta ko wuta ta ɗauke, komai ya goge, sai an sake daga farko.

To, siffa ta samu. Saura lamba, kuma a nan aka sha wahala. A tsohon tsarin Isra'ila, an kori ƙananan haruffan boko ne aka zaunar da na Ibrananci a gurbinsu, alef a 96, tav a 122. A kwamfutocin DOS, tsari mai lamba 862 ya sa alef a 128. Tsarin ISO 8859-8 na 1988 kuma ya kai shi 224, kuma nan Windows ta bar shi. Harafi ɗaya, gida uku. A tsarin DOS, shalom ita ce 153, 140, 133, 141. Aika waɗannan lambobi ga firintar da ke kan jerin haruffan IBM na Amurka, ga abin da zai fito a takarda: Öîàì. Firintar ba ta yi kuskure ba, abin da ke gurbin ta ɗauko.

Mu Hausawa mun san wannan ciwo. Na taɓa kai katin gayyatar ɗaurin aure wani shagon buga takardu, na tsara shi tsaf a gida, da aka buga sai duk ƙ da ɗ da ɓ suka fito akwati-akwati, saboda zubin haruffan da na yi aiki da shi babu shi a kwamfutarsu. Sunan amarya ma bai tsira ba. Raina ya ɓaci sosai ranar.

Sai babbar matsala, wato alkibla. Wanda ya yi karatun allo ya san hannu daga dama yake tashi. Firinta kuwa in ta buga harafi, dama take matsawa. Ka aika mata shin, lamed, vav, mem a jere, za ta sa shin a hagu, mem a dama, mai karatu ya ga kalma a juye. Don haka manhajojin rubutu na wancan zamani, irin su QText da Einstein da aka yi a Isra'ila, dole su san inda kowane layi zai ƙare tukuna, sannan a juya layin, a aika harafin ƙarshe da farko. In aka juya sakin layi gaba ɗaya kafin a yanka shi, sai layin ƙarshe ya hau sama. Kuma juyin ba na makanta ba ne, domin alƙaluma a Ibrananci daga hagu suke tafiya, kamar dai a Larabci. Juya layi duka, 1987 ta koma 7891. Baka biyun da ake rufe magana da su ma sai an musanya su, in ba haka ba su juya wa kalmar baya. A 1987 ɗin ne Donald Knuth da Pierre MacKay suka wallafa hanyar cakuɗa rubutun dama da na hagu a manhajar tsara rubutu don bugu mai suna TeX, suka kira ta TeX-XeT, sunan da kansa ana karanta shi ta kowane ɓangare.

Sauƙi ɗaya da Ibrananci ya samu shi ne haruffansa ba sa haɗuwa da juna kamar na Larabci da ajami. Kowanne zaman kansa yake.

Wasulla kuwa, su ake kira nikud. Jaridun Isra'ila ba sa sa su, amma littafin addu'a, waƙa, littafin yara da nassin Attaura ba sa yi sai da su. Ɗigo ɗaya yana sauya magana: ש da ɗigo a kafaɗar dama sh ne, a ta hagu s ne. ב da ɗigo a ciki b ne, babu ɗigo v ne. Dabarar da aka yi ita ce a ƙera wasali a matsayin harafin da nisan matsawarsa sifiri ne, a buga shi, firinta ba ta motsa ba, sai baƙin ya sauka a kansa. Ta yi aiki, amma ba ta yi kyau ko'ina ba. Haruffa faɗinsu ya bambanta: wasalin da ya zauna daidai a tsakiyar mem, a ƙarƙashin siririn vav sai ya zame gefe. A dalet da resh, ƙa'ida ita ce wasali ya zauna ƙarƙashin ƙafar da ke dama. A kaf ta ƙarshen kalma kuma, cikin harafin yake shiga. Manhaja mai kyau sai ta riƙa matsar da wurin bugu da 'yan ɗige-ɗige, harafi bayan harafi.

Ku matso ku dubi waɗannan biyun: ד da ר. Dalet da resh. Bambancinsu ɗan ƙahon da ke kusurwar dama ta sama ne kawai. A ƙaramin rubutu a ɗigo 300, wannan ƙaho ɗigo biyu ne ko uku. Haka ב da כ, haka ה da ח. Zubin Frank-Rühl, wanda aka zana a Jamus a farkon ƙarni na 20 kuma akasarin littattafan Isra'ila ke amfani da shi, layukansa na kwance masu kauri ne, na tsaye sirara, har sirantarsu kan kai ɗigo ɗaya ko biyu. Shi ya sa masu ƙera waɗannan fayiloli kan zauna su gyara haruffa ɗigo-ɗigo da hannu, kowane girma daban. Aikin haƙuri ne irin na mai rubuta allon zayyana, kuma na ga ya cancanci a yaba musu.

Daga baya abubuwa suka yi sauƙi. PostScript, wani yaren firinta da ya zo da LaserWriter ta Apple a 1985, yana ajiye harafi a matsayin zanen gefensa, a ƙara shi ko a rage yadda ake so. LaserJet III ta 1990 ta kawo irin wannan ga PCL, LaserJet 4 ta 1992 ta kai ɗigo 600. Unicode, tsarin bai-ɗaya na ba haruffan harsunan duniya lamba, ta ba alef gida ɗaya tilo, 05D0, ta kuma kafa ƙa'idar alkibla, ta yadda kai dai ka rubuta yadda kake furtawa, manhaja ta jera. Aika haruffa zuwa firinta kuwa bai mutu ba, sau da yawa kwamfuta ce ke yinsa a ɓoye in ka danna buga.

Saboda haka, ɗalibin da ke koyon Ibrananci a makarantar tauhidi a Jos ko Bukuru, ga abin yi. Sauke zubin da aka yi don nassi mai wasulla, kamar Ezra SIL ko SBL Hebrew. In ka gama rubutu, mayar da shi PDF a kwamfutarka, ka buɗe bayanan fayil ɗin ka tabbata haruffan suna ƙunshe a cikinsa, sannan ka kai shago. Kafin a buga shafi hamsin, sa a buga ɗaya. Duba dalet da resh, duba ɗigon shin, ka nemo layin da ke da shekara a ciki ka ga ko alƙaluman suna nan yadda ka rubuta su.