Ƙoƙon Sufi da Farashin Addu'a a Haikalan Buda

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai. Bari in fara da ƙoƙo.

A ƙa'idar asali ta addinin Buda, sufi, wato malamin addinin da ya keɓe kansa don ibada, ba ya karɓar zinariya ko azurfa. Da sassafe zai ɗauki ƙoƙonsa ya ratsa gari shiru, wanda ya ga dama ya zuba masa shinkafa. Har yau ana ganin haka a Thailand da Laos. Kimanin shekara 100 bayan rasuwar Buda, wanda ya kafa addinin, aka yi babban taro a garin Vesali na Indiya, cikin abubuwa goma da aka yi ja-in-ja a kansu har da karɓar kuɗi, taron kuma ya haramta shi.

To, mu je Japan, don can ne abin ya fi tsaya mini a rai. A 1872 gwamnatin Sarki Meiji ta halatta wa sufaye aure da cin nama. Sannu a hankali haikali ya zama gado, ɗa ya gaji uba. Wanda ke da mata da 'ya'ya kuwa dole ya nemi abin sawa a tukunya. Daga ina? Daga jana'iza da addu'ar tunawa da mamaci, har su kansu mutanen Japan suna kiran abin "addinin Buda na jana'iza". Akwai sunan da ake raɗa wa mamaci bayan ya mutu, kuma yadda sunan ya kai girma, haka kuɗin da iyali za su miƙa yake ƙaruwa.

A 2015 wani kamfani ya fara tallar sufi a shafin Amazon na Japan: ka biya yen 35,000, a turo maka wanda zai yi addu'a. Ƙungiyar mabiya Buda ta ƙasar ta fusata, ta ce abin da ake ba sufi sadaka ce, ba kuɗin aiki ba. Gaskiya ne. Amma ku dubi saurayin da ya bar ƙauye ya tare a Tokyo, mahaifinsa ya rasu, bai san kowane haikali ba, kuma yana tsoron ya miƙa ambulan ɗin kuɗi ya zama ya yi kaɗan. Ni dai ban ga laifinsa ba. Zumuncin da ke tsakanin iyali da haikalinsu ya riga ya tsinke tun kafin kamfanin ya shigo.

Na China kuwa ya fi fitowa fili. Haikalin Shaolin da ke lardin Henan, wanda aka gina a shekarar 495, ya koma wurin yawon buɗe ido da wasan kungfu, har aka riƙa yi wa shugabansa na wancan lokacin Shi Yongxin laƙabi da shugaban kamfani. A 2017 gwamnati ta fitar da umarnin hana kasuwanci da haikalai. A watan Yulin 2025 aka sanar da cewa ana binciken Shi Yongxin bisa zargin karkatar da dukiyar haikalin, aka kuma tuɓe shi daga muƙaminsa.