Tsibiran da Ke Yawo a Tafkin Titikaka: Me Ke Riƙe da Su?

Bidiyon nan da ke ta zagaya WhatsApp, wata mata tana girki a kan tsibirin ciyawa a tsakiyar ruwa, mutane da yawa sun ce haɗi ne na kwamfuta. To, ba haɗi ba ne. Wurin yana nan, sunansa Tafkin Titikaka, a kan iyakar Peru da Bolibiya, can saman duwatsun Andis.

Tsayinsa daga doron teku ya kai mita 3,812. Jos ɗin da muke kukan sanyinta, a ninka tsayinta sau uku, sannan a iso nan. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 8,000, wani wurin zurfin ya kai mita 280. Baƙo in ya sauka a garin Puno da ke bakin tafkin, taku kaɗan zai yi ya fara haki, don iskar sama ba ta da kauri.



Masu gidajen da ke kan tsibiran ciyawar su ne mutanen Uros. Ciyawar kuma sunanta totora. Mutanen Haɗejiya da Nguru za su ce ai kacalla ce, ta yi kama, amma ba ita ba ce.

Yanzu ga inda ake ɓata lissafi. Kowa ya ɗauka ciyawar da yake gani a sama ita ke riƙe da gidajen. A'a. Abin da ke ɗauke da nauyin yana ƙasa, kyamara ba ta ganinsa. Saiwar totora ce, wadda ta sarƙe da juna da laka ta zama dunƙule baƙi ƙirin, kaurinsa mita ɗaya zuwa biyu. Sukan kira shi khili. In ruwa ya ƙaru da damina, sai dunƙulen ya ɓalle daga ƙasan tafki ya taso sama da kansa, saboda iskar da ke maƙale a cikinsa.

Ga yadda mai gina tsibiri ke yi. Da dogon zarto yake yanka saiwar gunduwa-gunduwa. Za a ja su da kwalekwale, a kafa wa kowace gunduwa turke na itacen turare, a ɗaure turakun da igiya har su haɗe. Sai bayan nan ake shimfiɗa ciyawa a kai: sahu ɗaya a miƙe, na gaba a gicciye, haka haka har ta yi tudu.

An gama? Ina! Ciyawar ƙasa kullum cikin ruɓewa take, don haka bayan 'yan makonni sai an yanko sabuwa an ƙara a sama. Wanda ya yi lalaci, wata rana ƙafarsa za ta zurma. Sannan dole a ɗaure tsibirin gaba ɗaya da dogayen turaku a ƙasan ruwa, in ba haka ba, kamar yadda suke tsokanar baƙi, mutum ya kwanta a Peru ya farka a Bolibiya ba fasfo. Ko da duk wannan hidimar, bayan kamar shekara 30 saiwar takan gaji, a sake sabon gini.

Murhun matar kuwa, ku lura, a kan dutse aka ɗora shi. Gida ciyawa, ƙasa ciyawa, ba a wasa da wuta.



A ƙarƙashin ruwan tafkin akwai wani kwaɗo da fata ta yi masa yawa, kada ku yi masa dariya. Da ninkin fatar yake shaƙar iska a cikin ruwa, kuma a wannan yanki kaɗai ake samunsa. Akwai kuma wani tsuntsun ruwa da ba ya iya tashi sam, nutso kawai ya sani.

A tsibirin Takile da ke cikin tafkin, mai ƙasa ta gaske, maza ke saƙa huluna, aikin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama a 2005. Bolibiya kuwa, da ta rasa gaɓar tekunta a yaƙin da ya ɓarke da Chile a 1879, har yau tana da sojojin ruwa, a wannan tafkin suke atisaye.

Wasu na cewa Uros sun mayar da al'ada kasuwa, tunda ga sola a kan rufi, ga 'yan yawon buɗe ido kullum. Ni dai ban ga laifinsu ba. Wanda ke sake shimfiɗa ƙasar gidansa duk wata, ai ya cancanci ya karɓi kuɗin hoto.