Ajin Asabar daga Tudun Wada

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiya, iyayenmu da ke zauren nan, yayye da ƙanne, ina gaishe ku daga Tudun Wadan Zariya. In kun ji muryata ta yanke, ku yi haƙuri, ku jira ni. An ɗauke wuta tun da hantsi, batirin sola nake lallaɓawa.

Shugaba ya ce in ba ku rahoton ajin Hausar da nake yi wa 'ya'yanku da ke Ingila ta Zoom duk Asabar. To, rahoton ba shi da tsawo: yaran suna da kai, kuma suna so. Abin da zan daɗe a kansa ku ne iyaye.

Bari in fara da abin da ya ba ni dariya. Ranar farko na koya musu gaisuwa, na ce ana durƙusa wa babba. Asabar ta gaba wani yaro ya buɗe kyamara, ya ce "Malama ina wuni," sai ya ɓace daga allo gaba ɗaya. Na ɗauka netwok ne. Ashe ya durƙusa ne a gaban tebur. Har yau haka yake yi, ni kuma ban hana shi ba.

Wahalar aikin tana wajen ƙ da ɗ da ɓ. A aji na ido da ido yaro yana ganin bakina, ya ji sautin tsaf. Ta lasifikar kwamfuta kuwa, baki da baƙi duk ɗaya suke fita, kafa da ƙafa ma haka. Dole in matso da fuskata jikin kyamara, in sa kowa ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ji yadda yake motsi. Sannan ga abin da rubutun boko bai nuna ba, wato tsawon wasali da karin sauti. Garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuwo da shi rubutu ɗaya ne, kunne kaɗai ke raba su. Shi ya sa ba na yarda ajin ya wuce yara shida. In sun kai ashirin, kowa ya kashe makirufo, ni kaɗai ke surutu kamar rediyo.

Wani lokaci abin da nake ganin cikas ne shi ke zama darasin. Ran nan muna cikin ƙirga sai mai tallan fura ta kwaɗa kira a ƙofar gida. Yara suka ce mene ne wannan? Na ɗauki waya na fita, na nuna musu ƙwarya da ludayi, na taya a gabansu, ita ma ta yi dariya ta gaishe su. Makon da ya biyo baya babu wanda ya manta "nawa ne" da "rage mini". Ina da niyyar in kai su Ƙofar Doka ta waya su ga ganuwa, in Allah ya yarda.

Mu a Zariya aika Hausa nesa ba sabon abu ba ne. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Malam Abubakar Imam na editanta, ana ɗaukarta zuwa garuruwan da bai taɓa takawa ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962, tana yaye masu digiri a Hausa, da yawansu suna zaune ba aiki. Malamai dai akwai su. In ƙungiya ta ɗauki nauyin biyu ko uku, ta biya su a kan lokaci har da kuɗin data, za a raba yaran gwargwadon shekarunsu.

Yanzu ga ƙorafina, ku gafarce ni. Sa'a ɗaya nake da ita a mako. Sauran sa'o'i 167 a hannunku suke. Ina jin ku a bayan kyamara, na yi tambaya, yaro yana ƙoƙarin haɗa jimla, sai uwa ta raɗa masa amsa da Turanci. Hajiya, bar shi ya yi kuskure. In ya ce "Baba ta dawo", kada a fashe da dariya, a ce masa "Eh, Baba ya dawo", a wuce. Na ga yarinyar da ta daina buɗe baki wata guda saboda an yi mata dariya a gaban baƙi. Kuma yaran da kakanninsu ke kiransu ta WhatsApp, ba sai an faɗa mini ba, daga gaisuwarsu nake gane su. Ku ware ko lokacin cin abincin dare ne, a ce ba a jin wani yare sai Hausa, miƙo gishiri ma da Hausa.

Sai maganar lokaci, don bara mun sha rikici. Agogonmu a Najeriya ba ya canjawa, naku na Ingila kuwa yana komawa baya da sa'a ɗaya ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ajin yana nan ƙarfe biyar na yamma agogon Zariya, wato daga wannan rana ƙarfe huɗu ke nan a wajenku, har ƙarshen Maris. Sakatare, don Allah a sa wannan a takardar taro.

Na ga batirin ya nuna ja. Wanda ke da tambaya ya yi yanzu.